Cron da Hausa: ni dai na tsaya a kan "aiken agogo"

Assalamu alaikum ƴan uwa masu harkar kwamfuta. Wata kalma ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo ta gabanku: cron, shirin kwamfuta da ke tayar da wani aiki a duk lokacin da aka yanka masa, abin da muke ce wa tâche planifiée da Faransanci.

Ga inda zancen ya taso. Akwai wani Alhaji mai shagon kayan masarufi kusa da Kasuwar Dole a Zinder, na haɗa masa rumbun bayanai na MySQL a kan sabar da muka yi haya a Faransa, wato kwamfutar da ke aiki dare da rana a intanet. Duk Litinin da ƙarfe 7 na safe, wani ɗan shiri na PHP yana shiga rumbun, ya ƙirga abin da aka sayar a mako da abin da ya kusa ƙarewa, ya zuba a takardar CSV, ya turo masa ta imel. Sai ran nan ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, wai wa ke turo mini lissafin nan? Na san dai a lokacin ba ka buɗe ofis ba." Na ce, "Baba, cron ne." Ya ce, "Wane ne shi?" Na rasa abin faɗa.

Shi cron tsoho ne, tun shekarun 1970 yake cikin Unix, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, kuma wanda Paul Vixie ya rubuta a 1987 shi ne tushen wanda akasarin injinan Linux ke amfani da shi. Sunan daga chronos ne na Girkanci, wato lokaci. Layi guda kake rubuta masa mai gurbi 5: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako, sannan aikin. Namu shi ne 0 7 * * 1. Tauraron nan na nufin "kowane", 1 kuwa Litinin.

Na tambayi abokan aiki me za mu kira shi da Hausa. Wani ya ce "aiki mai sarrafa kansa". Ban yarda ba, don ba ya sarrafa kansa ko kaɗan, ni na yanka masa lokaci, kuma sunan ya yi faɗi, har injin niƙa zai shiga ciki. Wani ya ce "zakara". Ta burge ni, amma zakara cara kawai yake yi, ba ya kai saƙo. "Aikin wa'adi" kuma, wa'adi sau ɗaya yake cika, wannan kuwa kullum dawowa yake.

Ni "aiken agogo" na zaɓa. Ka aiki yaro, amma agogo ne ke ce masa tashi. Ku ji yadda take zama a baki: na sa aiken agogo; aiken agogo bai tashi ba; aike-aiken agogo uku ne a sabar nan.

Abin da ya ƙara kafe ni a kanta ya faru ne a ƙarshen Maris. Alhaji ya kira, wai lissafi ya shigo ƙarfe 6, yana dawowa daga masallaci. Ban taɓa komai ba. Ashe sabar tana bin lokacin Paris, su kuma a Lahadin ƙarshe ta Maris suke tura agogonsu gaba da awa 1, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo daidai da namu. Mu a Nijar ba ma canzawa. Da na ce masa, "Baba, aiken lafiya lau, agogon wani gari ya bi," nan take ya gane. Sunan da kansa ya raba matsalar gida biyu: ko aiken ne ya lalace, misali imel ya ƙi fita, ko agogon ne.

Na san za a ce ai cron ba saƙo kaɗai yake turawa ba, yana kwafe rumbun da dare, yana share tsofaffin fayiloli. Haka ne. Amma a gidajenmu ana aiken yaro niƙa, ana aikensa ɗebo ruwa, duk aike ne.

Saura crontab, takardar da ake jera layukan a ciki. Ina jin "allon aike" zai yi. Malamanmu na jami'ar Zinder da masu Hausa a rediyo, don Allah ku auna mini wannan ta biyun, ita ce ban gama natsuwa da ita ba.