Farin ƙuda da farin ɓawo a tumatir ɗin cikin gida: ta ina zan fara?

Uwar Biyu, Garin Malam

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san garka. Akwai wani ɗaki a gidanmu da ba a kai ga yi masa rufi ba, sai na sa aka lulluɓe samansa da raga, na jera buhuna da tsofaffin bokitai na shuka tumatir da tattasai da ɗan salati. Tun farko na ƙudurta maganin feshi na kasuwa ba zai shiga wurin ba, domin yarana tsinka suke su kai baki, ko wankewa ba sa tsayawa yi.

Da fari abin ya yi kyau har maƙwabta na leƙowa. Yanzu ganyen saman tumatir ɗin ya nannaɗe ya ƙanƙance, gefensa ya koma ruwan ɗorawa, tsiron ya daina tsawo. In na taɓa reshe sai wasu ƙananan fararen ƙwari su tashi buu, su sake komawa bayan ganye. Saman ƙasar kuma ya yi wani farin ɓawo, har bakin bokitan ya yi fari. Ƴaƴan da suka fito, wasu gindinsu ya yi baƙi ya lotsa tun ba su nuna ba. Salatin ma bakin ganyensa duk ya ƙone.

Ruwa, in famfo ya kawo da dare ina tara shi, in bai kawo ba sai na ƴan garuwa. Ƙasar kuwa rairayi ne na haɗa da kashin awakinmu, kuma ina yawan barbaɗa tokar murhu saboda an ce tana korar ƙwari. Don Allah ta ina zan fara? Raina yana ɓaci duk safiyar da na shiga ɗakin nan.

Mai Garka Mirya

Wa alaikumus salam ƴata. Tun ina yaro nake ban ruwa a garkar mahaifina nan Mirya, kuma da na karanta bayaninki, ƙwarin ba su ne suka fara tsaya mini a rai ba, farin ɓawon nan ne. Gishiri ne. Kowane ruwa yana ɗauke da nasa, na wata rijiya ya fi na wata, wani ma har da kanwa-kanwa. A fili damina tana wanke shi ya yi ƙasa. A bokiti kuwa ruwan ne yake bushewa ya bar gishirin, kullum kina ƙarawa, ba shi da hanyar fita. Saiwa ta kasa jan ruwa ko da ƙasar a jiƙe take, shuka ta raunana, ƙwari kuma raunanniya suke fin ƙarfi da wuri. Salatin da kika ce bakinsa ya ƙone shi ne ya fara ba ki labari, don ya fi tumatir rashin jure gishiri.

Ki juya bokitan ki duba gindinsu. In babu huji, a huda da ƙusa mai zafi, huji da yawa, a ɗora su kan duwatsu yadda ruwa zai ɗiga. Ki kankare ɓawon da cokali ki zubar waje. Sannan ranar da kika samu ruwan famfo wadatacce, ki zuba a hankali har ya fito ta ƙasa sosai, ki bari ya tsane, ki sake. Na san abin da nake ce miki mai nauyi ne a Damagaram, garin da ke zaune kan dutse, wanda ruwansa sai an turo daga wajen gari, wurare irin su Gogo da Arunguza.  To amma gara bokiti 10 da suke shan ruwa su ƙoshi da 30 da ake yayyafa musu. Ki rage yawansu.

Tokar nan ki dakatar da ita. Da toka ake tace ruwan miya maimakon kanwa, ai kin sani, to abin da take yi wa ƙasarki ke nan. Haka ruwan wanki mai omo, kada ya kusanci shukar. Ruwan ƴan garuwa kuma ki gwada shi: ki zuba ludayi ɗaya a baƙar tasa, na famfo a wata, ki bar su a rana su bushe. Wanda ya bar fari da yawa, shi ne na wanke-wanke.

Kashin awaki taki ne mai kyau, amma sai ya ruɓe. Ki tara shi a rami da busasshen ganye da harawar da dabbobi suka rage, ki jiƙa, ki riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi sanyi in kin tura hannu, warin ya tafi. Wannan shi ke riƙe ruwa a rairayinmu. Takin bola kuwa ban yarda da shi a abin da yara za su ci ba, da idona na sha ganin fasassun batura a ciki.

Malamin Gona, Sabon Gari

Baba ya gama magana a kan ƙasa da ruwa. Abin da zan ƙara kawai, tumatir yana son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, ma'aunin pH tsakanin 6 da 6.8, toka kuma sama take tura shi, wato tana rage tsamin. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, sinadarin da ake tsabtace shi da shi ya fita.

Hajiya, ƙwarin nan farin ƙuda ne, kuma shan ruwan ganye ba shi ne babbar ɓarnarsa ba. Yana ɗauko cutar nannaɗewar ganye daga wata shuka ya zuba a wata. Duk tsiron da samansa ya riga ya ƙanƙance ya tsaya, ba zai warke ba, babu maganin da zai dawo da shi. Ki tuge shi, ki sa a leda ki ɗaure tun a cikin ɗakin kafin ki fitar. Da wuya, amma barinsa shi zai kashe sauran.

Waɗanda suka rage, ga bedi, dogon yaro ke nan, ko'ina akwai shi a gari. A tsince ƴaƴan da suka nuna suka faɗo, a wanke, a shanya a inuwa, a daka. Garin giram 500 a lita 10 na ruwa, ya kwana a jiƙe, a tace da ƙyalle mai laushi, a narka ɗan sabulun wanki na sanda a ciki don ya kama ganye. Feshi da yamma, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma bayan ganye za a nufa, nan ƙwan da ƴaƴan suke. Duk mako a maimaita da sabon haɗi. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, don haka kada ki ce bai yi aiki ba bayan feshi ɗaya. Ki yanka jarka mai ruwan ɗorawa, ki shafe ta da man girki, ki rataya daidai saman shukar; launin yana jawo su su manne. Ko da bedi ne, a wanke tumatir kafin yara su ci. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa kada ki yi, guba ne, kuma taba tana iya kawo wa tumatir wata cutar.

Ki riƙa duba ganye kuma, in kin ga wani farin tabo kamar an cinye cikinsa an bar fatar, da ƴar tsutsa a tsakiya, wannan Tuta absoluta ce, wadda manoman Kano ke kira sharon. Daga Kudancin Amurka ta fito, a 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna. A ɗaki ɗaya hannu ya isa: tsinke ganyen, murtsuke tsutsar.

Maman Sabon Kari

Yaya, baƙin gindin nan ba ƙwaro ba ne, kada ki ɓata bedinki a kansa. Ni na gane daga ban ruwa yake zuwa, yau ƙasa ta bushe ƙamas, gobe a cika ta. Tunda na samu randa biyu na riƙa ajiye ruwan shuka daban, ina ba su safe da yamma daidai gwargwado, na kuma rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa, sababbin ƴaƴan lafiya suke fitowa. Waɗanda suka yi baƙin ki cire su. Kuma tunda a rufe wurin yake, iska ba ta kaɗa su, ki riƙa girgiza sandar da kika ɗaure su da hantsi don furen ya ɗaure.

Uwar Biyu, Garin Malam

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Na duba, buhunan suna tsanewa, bokitan ne ba huji. Malam, bayan na tuge marasa lafiyar, zan iya sake shuka tumatir a ƙasar nan? Kuma ragar tawa ta gidan sauro ce, ta isa?

Malamin Gona, Sabon Gari

Gidan sauro yana tare manyan ƙwari, farin ƙuda kuwa ratsa shi yake yi. In kuma irin mai magani ne da ake rabawa, ki cire shi daga kan abinci, a mayar da shi kan gado. Ki nemi ragar lambu mai ƙananan ido.

In kin tuge, ki kakkaɓe saiwar ki duba. In ta yi ƙulu-ƙulu, akwai tsutsar ƙasa da ido ba ya gani. Ko babu, kada ki mayar da tumatir, tattasai ko yalo nan take, dangi ɗaya ne. Yanzu ma zafi na tafe, kuma in ya haura digiri 35 furen tumatir zubewa yake. Ki juye ƙasar a fili a watan Afrilu, ki baje ta, ki jiƙa sosai, ki rufe da farar leda mai nuna ciki, ki danne gefuna, ta yi mako 4 zuwa 6 a rana. Da damina ki bar ta ta sha ruwan sama ya wanke gishirin, ki tari na indararo ki ajiye in kina da mazubi. Sai ki haɗa ta da ruɓaɓɓen takin, ki yi rainon iri a ƙarƙashin raga cikin Oktoba, ki dasa in sanyi ya fara shigowa.