30 Ko 50? Musayar Baitoci Kan Rage Gudun Mota A Cikin Gari

Direban Tasi:
Assalamu alaikum. Majalisar birni na so ta sauko da iyakar gudu daga kilomita 50 zuwa 30 a awa, mu kuma muna tara sa hannu don mu ƙi. Ga kukana a waƙe. Mai amsa ya riƙe amsa-amon "ya".

Jama'a ku tsaya ku ji kukana,
Ni mai neman halali a kan hanya.

Wai yanzu 50 ta zama laifi,
A 30 za mu dinga tafiya.

Fasinja na duban agogonsa,
Ni ina jan jiki kamar mai jinya.

Jigila ce ke cika aljihuna,
In ta ragu, haya wa zai biya?

Wanda ya zana dokar a ofis,
Bai yi dakon fasinja ba ko sau ɗaya.

Kyamara za su laɓe a lungu,
Tara suke nema, mu faɗi gaskiya.

Uwar 'Yan Makaranta:
Malam Direba, sannu da ƙoƙari,
Cin guminka ba abin jin kunya.

Amma ka zo ƙofar makaranta,
In an tashi, ka samu gefe ka tsaya.

Yaro bai san auna gudun mota ba,
Ƙwallo ta gangara, shi yana baya.

Kai mintoci kake ta ƙirgawa,
Ni 'ya'ya nake ƙirga ɗaya-ɗaya.

In ka makara yau, gobe ka rama,
Wa zai rama wa uwa ɗan da ta goya?

Malam Lissafi:
Ku ba ni alli in shiga tsakani,
Shi lissafi ba ya cin toshiya.

Daga ganin yaro zuwa taka birki,
Sai an ɓata aƙalla sakan ɗaya.

A 30, mita 8 ka ci a cikinsa,
A 50, mita 14 ka bari a baya.

Mai 30 wajen mita 13 zai tsaya cik,
In titi a bushe yake, da lafiyar taya.

A daidai wurin nan, mai gudun 50
Ƙafarsa ba ta kai birki ba, bare ya tsaya.

Ƙarfin bugun 50 ya kusa ninka na 30
Har sau 3. Wane ƙashi ne zai iya?

Batun lokaci kuma, a kilomita guda
Sakan 48 ne ratar, babu ƙarya.

Shi ma sai in ba danja, ba cunkoso,
Irin titin da ke cikin tatsuniya.

(Ku yi haƙuri da baitocin da suka yi tsawo, alƙaluma ba su san kari ba.)

Direban Tasi:
Malam, allinka ya yi kyau a allo,
Amma ka ɗan leƙa can Birtaniya.

Yankin Wales, a Satumbar 2023,
Mil 20 a awa (kusan kilomita 32) suka shimfiɗa a titunan gari kusan gaba ɗaya.

Mutum fiye da 460,000
Suka sa hannu, suka ce a juya.

Har alluna aka bi da fenti,
Haushi ya kai wa mutane wuya.

Ba a shekara ba gwamnati ta sassauta,
Wasu tituna za su koma irin na jiya.

To su ma duk jahilai ne, Malam?
Ko mai sitiyari ne ba shi da murya?

Nas Mai Aikin Dare:
Yaya Direba, rabi ka karanta,
Ka ninke shafin, ka ɓoye ɗaya.

A Wales ɗin dai, shekarar farko,
Kan titunan gari da aka sauya,

Masu rauni da mutuwa sun ragu,
Sama da rubu'i, je ka yi tambaya.

Graz ta fara dokar 30 tun 1992,
Birni ne a ƙasar Ostiriya.

Da fari mafi yawansu sun ƙi,
Da aka jima, sai ra'ayi ya juya.

A 2021 Brussels ta bi, Paris ta bi,
Haka ƙananan titunan Sifaniya.

Helsinki ta Finland ta ƙare 2019 cur,
Ba mai tafiya a ƙasa da ya mutu ko ɗaya.

Rai miliyan 1.19 titi ke ci a shekara,
In ji Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ni ce ke tarbar su tsakar dare,
Wanda 30 ta buge yakan tashi ya yi tafiya.

Wanda 50 ta ɗauka, Yaya,
Sau da yawa mayafi muke sanya.

Baba Injiniya:
'Ya'yana, kowa ya faɗi nasa,
Ku saurari tsoho mai ritaya.

'Yata Nas, hujjarki ta zauna,
Amma ɗana Direba bai yi ƙarya.

Titi mai faɗi, miƙaƙƙe sambal,
Shi ke zuga ƙafa ta ƙi tsaya.

Ka kafa masa allo, ka rubuta 30,
Direbobi su wuce suna dariya.

Sai ka cika shi da kyamara da tara,
Daga nan doka ta zama abin ƙiyayya.

Ka matse titin, ka ɗaga matsallaka,
Ka faɗaɗa gefe, ka dasa bishiya,

Ƙafa da kanta za ta sassauta,
Ba ɗan sanda, ba tarar da za a biya.

Sai dai wannan aiki na cin kuɗi,
Allo kuwa araha ne wajen saya.

Shi ya sa majalisu ke son allo,
Su buga, su tafi, su bar ku da jayayya.

Ko da birnin Bologna ya sa 30 a farkon 2024,
Ministan sufuri ya ja daga a Italiya.

Ni dai da za a tambaye ni,
Titi-titi za a bi, ba kuɗin goro gaba ɗaya.

Kuɗin tara kuma a buga shi a fili,
A ga ya koma gyaran hanya.

Direban Tasi:
Baba, Allah ya ƙara girma,
Kai ne ka taɓo inda ke da ƙaya.

Ƙofar makaranta, asibiti, kasuwa,
Ko 20 aka ce, wallahi zan iya.

Lungun unguwa ma na sallama,
Hajiya, ki kwantar da zuciya.

Amma babban titin da ya ratsa gari,
A bar mana 50, nan kam ba ja da baya.

Takardar koke ba zan yaga ba,
Kalmominta kawai zan sake shirya.

Uwar 'Yan Makaranta:
Na gode, Malam, da lungun da ka ba ni,
Sai dai ba a lungu nake da ɗakin haya.

Babban titin nan da ka keɓe wa 50,
Ƙofata a bakinsa take, ba a baya.

Makarantar kuma tana tsallakensa,
Gobe da safe zo ka tsallakar min da su ɗaya-ɗaya.