Hannunka mai sanda ne ko gugar zana?

Amarya daga Fagge: Salamu alaikum. Don Allah a raba mana gardama. Jiya na yi tuwo da miyar kuka, surukata ta kai loma ɗaya sai ta ce, "Da alama gishiri ya yi araha a Kurmi bana." Maigidana ya ce hannunka mai sanda ta yi mini. Ni kuwa gugar zana na ji, har yanzu abin yana cina.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Yadda muka ji daga manya, makaho ake nuna wa hanya: maimakon a ce dama ko hagu, sai a ce "yi hannunka mai sanda", don kada ya faɗa rami. Wato nuni ne na mai son ka da alheri. Gugar zana kuwa, dubi zanar kanta. Kamar wucewa kawai aka yi, amma sai ka tarar ta karce maka fata. Ina ganin Hajiya gyara ta nufa, ta sakaya don kada ki ji kunya.

Gwaggo: Malam, ka yi saurin yanke hukunci. 'Yata, su wa ke wurin lokacin da ta faɗa?

Amarya daga Fagge: Facalata da ƙannensa biyu, Gwaggo. Facalar har da rufe baki da mayafi.

Gwaggo: To kin ji. Mai yin hannunka mai sanda jan ki take yi gefe, ko ta bari sai an watse. Magana ɗaya ce, amma idan aka yi ta a gaban mai dariya ta zama habaici. Na yi shekara da shekaru a gidan yawa, na san zafinsa.

Bagobiri: Habaici ai ba ya kama suna. Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, yakan soki 'yan sarki masu ja da ubangidansa ba tare da ya ambaci kowa ba, amma duk fada ta san da wa ake. Nan kuwa mutum ɗaya ce ta yi miya, ina sakayawar?

Malamin Hausa: Na karɓi batun idon jama'a, Gwaggo. Sai dai tsofaffinmu da yawa haka bakinsu ya saba. Wadda ke kiran maciji "igiya" da dare, ta ce mamaci "ya kwanta dama", da wuya ta iya cewa "miyarki ta yi gishiri" kai tsaye.

Gwaggo: 'Yata, yau da safe da kika je gaishe ta, yaya ta amsa miki?