Neman kalma: abin da ke zuƙe batir alhali mota na kashe

Ɗan Marusa:
Assalamu alaikum. Jama'a ina neman agajin gaggawa. Laraba da la'asar za mu ɗauki shirin direbobi na gidan rediyonmu, a sa shi Alhamis da safe, kuma batun wannan makon shi ne batirin da ke yawan mutuwa. Na riga na rubuta na batirin da ya tsufa ba ya riƙe caji, da na altanetar da ba ta caji, wato na'urar da ke cika batir in inji na tafiya. Na ukun ne ya tsaya mani a wuya. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka kulle ƙofa, amma wani abu a cikinta na ci gaba da jan wuta, kafin kwana biyu batir ya sauka sai an tura. A takardar Turancin da aka ba ni sun kira shi farasitik diren. Ba zan faɗi wannan a rediyo ba, mai lodi a tashar Jibiya ba zai tsaya saurare ba. Me za mu kira shi? Kalma biyu ko uku da za su zauna a baki.

Oga Rewaya, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Mu a gareji cewa muke motar na shan batir, ko kuma akwai ɓarawo a jikinta. Duk yaron shago ya san abin da ake nufi. Kada ka wahalar da kanka.

Hajiya Mai Fassara:
Oga, "shan batir" ya yi faɗi da yawa. Waya ma ana cewa tana shan batir, kuma tana kunne ne ana latsa ta. Abin da Ɗan Marusa ke so ya fito shi ne motar a kashe take. Ni sai in ce "satar wuta".

Direban Jibiya:
Hajiya, da girmamawa, in ya ce satar wuta a rediyo kowa zai ɗauka maganar masu tsallake mitar gida ake yi. Sai masu kira su cika layin da ƙorafin kuɗin wuta, shirin ya tafi wani wuri.

Ɗalibar Hausa:
"Yoyon wuta" fa? Ko "zurarar caji".

Oga Rewaya, Ƙofar Ƙaura:
Ƙanwata, in kika ce yoyo, direba zai buɗe bonet ya duba ko ruwan batir na ɗiga, in bai ga jiƙa ba ya ce lafiya lau. Kuma akwai wani abu daban da yoyo ya fi dacewa da shi: saman batir ya tara ƙura da danshin asid, wutar na bin dattin tana tsallakawa daga kai zuwa kai. Wannan wankewa ake da ruwa da hodar bekin soda a goge ya bushe, shi ke nan. Wanda ake tambaya kuwa cikin wayoyin motar yake.

Tsohon Malami, Daura:
Na karanta duka, kuma raina bai yi daɗi ba. A 'yan layukan nan kaɗai na ƙirga batir, altaneta, caji, rediyo, gareji, bonet. Ina Hausar take? Ɗana Ɗan Marusa, kana neman kalma ɗaya alhali jimlar gaba ɗaya aro ce. Amma bari in amsa abin da ka tambaya. Baturen da ya raɗa sunan nan yana nufin abin da ke manne wa wani ya rayu da abincinsa. Bahaushe ya san wannan tun kafin a ƙera mota: kauci. Yana fitowa a reshen ɗorawa ko kaɗanya, ba shi da saiwa a ƙasa, ruwan itacen yake sha. Sunan abin nan "kaucin wuta". Batir kuma "rumbun wuta", tunda ajiya ake a ciki ana ɗiba. Sai ka ce: kauci ya kama rumbun wutar motarka. Ka ji yadda ta zauna?

Ɗan Mashi:
Allah ya gafarta Malam, hikimar ta yi. Sai dai kauci a wurin mutanenmu ba abin gudu ba ne, nemansa ake don magani, har sayarwa ake a kasuwa. In za a ɗauko daga gona, ƙuduji ya fi kama. Shi a ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar gero ko dawa, ya yi makonni yana tsotsa ba ka gan shi ba, sai ka ga shuka ta tsumbure. Lokacin da jan furen nan nasa ya fito ɓarna ta riga ta auku. Ai haka matsalar nan take, a ɓoye.

Tsohon Malami, Daura:
Ƙuduji kashe gona yake ɗungum. Kauci kuwa a hankali yake ci, itacen na tsaye ana ganin kamar lafiya. Kauci dai.

Direban Jibiya:
Baba, ku yi haƙuri. In na shiga gareji na ce kauci ya kama rumbun wutata, yaron Oga zai tsaya yana kallona ne. Ni ina son kalmar da zan faɗa a gyara mani mota in koma layi.

Tsohon Malami, Daura:
Haka aka ce lokacin da aka kawo "yanar gizo". Yau wa bai san ta ba? "Jirgin sama" wa ya tsaya kallon wa? In gidan rediyo ya maimaita kalma sau goma ta zauna. Aikinsu ke nan, ba bin bakin kasuwa ba.

Hajiya Mai Fassara:
Malam, gaskiya ne yanar gizo ta zauna. Amma "na'ura mai ƙwaƙwalwa" fa? Shekara da shekaru ana faɗarta a labarai, har yau mai shago kwamfuta yake cewa. "Tafi-da-gidanka" ta yi tashe, yanzu kowa waya kawai yake cewa. Wadda ke zama ita ce wadda ta zo kafin bakin mutane ya saba da wata. Batir ya daɗe da zama ɗan gida, tun zamanin tocila da rediyo mai batir. Ita kanta "mota" da "lantarki" daga ina suka zo?

Tsohon Malami, Daura:
Don an yi sakaci jiya ba hujja ba ce a ci gaba yau. Kuma ni abin da ke damuna, duk kalmar da ba a ji ta a bakin Kano ba sai a ce baƙuwa ce. An ɗauki karin Kano an mai da shi ma'auni, mu da Hausar ta tashi a ƙofar gidanmu sai mu koma masu neman izini.

Ɗalibar Hausa:
Baba, ba wanda ya kawo Kano a nan. Kauci ai Bakano ma ya san shi. Kuma daidaitacciyar Hausa don rubutu aka yi ta, ba ta hana Bakatsine cewa "mani" da "mashi" ba.

Ɗan Mashi:
To ai in asali za a bi, Katsina ma ba ta jiran kowa a kan ilimi. Hasumiyar Gobarau na nan tsaye.

Tsohon Malami, Daura:
Rijiyar Kusugu tamu ta Daura ta girmi Gobarau, ɗana.

Oga Rewaya, Ƙofar Ƙaura:
Malamai, ni ban yi karatunku ba, amma maganar "bakin kasuwa" ta taɓa ni. Wannan bakin kasuwar shi ke ciyar da yaran da ke koyon aiki a hannuna, kuma da Hausa nake koya masu. Bari in faɗi aikin, sai ku ga sunan da ya dace da shi.

Mota ta zo ana cewa batir na mutuwa. Farko ina ɗora mita a kan batir, inji a kashe, bayan ya huta. Cikakke bolt 12.6 ne. In na ga 12.2 ya kai wajen rabi, in ya yi ƙasa da 12 ya sauka sosai. Sai a tada inji. In altaneta na aiki zan ga wajen 13.8 zuwa 14.5. In ya tsaya a 12 da 'yan kai, altaneta ce ko fanbel, bel ɗin da ke juya ta, ya saki. Kuma don Allah ka faɗa masu su bar cire kan batir inji na tafiya wai gwajin altaneta. Tsofaffin motoci sun jure, na yanzu kwamfutar motar ake ƙonawa.

In duka biyun lafiya, to sai farautar ɓarawo. A kashe komai, a zare makulli, a cire wayar kan nagetif, a juya mita zuwa amfiya 10 a sa ta tsakanin kan batir da wayar da aka cire. Kada kowa ya taɓa makulli a lokacin, in aka yi kik don tada inji fiyus ɗin mitar ya tafi. Sai a jira, don motocin yanzu ba sa yin barci nan take, wata sai ta yi rabin awa ko fiye. In ta yi barci, abin da take ja bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya), na agogo ne da ƙwaƙwalwar rediyo da na'urar makulli. In na ga 400 ko 800, sai in fara zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ina kallon mita. Wanda na zare lambar ta faɗo, layinsa ne.

Abin da na fi kamawa: fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe, rediyo ko sifika da wani ya haɗa kai tsaye da batir, tiraka mai nuna inda mota take, cajar waya da aka bari a soket mai wuta kullum, rile, ɗan makunnin nan mai buɗe layin wuta da rufe shi, da ya maƙale. Ƙwai ɗaya mai wat 5 na jan kusan amfiya 0.4, a yini da kwana ya ci wajen kashi 10 daga batir mai lamba 60, wato mai ɗaukar kashi 60 in ya cika. Kwana uku rabi ya tafi. In na zare fiyus duka lambar ba ta sauka ba, sai in cire babbar wayar altaneta, don in dayod ɗinta, mai hana wuta komawa baya, ya lalace, wuta komawa take ta cikinta da dare, da rana kuma ta yi kamar tana caji. Mai motar ya sayi sabon batir, bayan wata ɗaya ya dawo yana zagin mai shago, alhali batir ba shi da laifi. Kuma kowace saukar da ya yi ƙasa tana rage mashi kwana, ga zafin bazararmu da ke ƙafar da ruwansa.

Ɗan Marusa:
Oga, Allah ya saka da alheri, ka rubuta mani rabin shirin. Amma har yanzu ba ni da kalmar, ga Talata ta ƙare.

Hajiya Mai Fassara:
Daga bayanin Oga abu biyu ne, shi ya sa muke ta karo. Akwai ciwon, akwai mai jawo shi. Ciwon a ce "shan batir a kashe". Mai jawo shi, ko fitila ce ko tiraka, a ce "ɓarawon batir".

Direban Jibiya:
Na farkon ya yi. Na biyun a'a. Ɓarawon batir mun san shi, shi ne mai ɓalle bonet da dare ya ɗauke batir ɗin sukutum. A ce "ɓarawon caji".

Oga Rewaya, Ƙofar Ƙaura:
Ɓarawon caji. Wannan ko gobe zan fara faɗa wa yara.

Ɗalibar Hausa:
Ni dai "a kashe" ɗin na mani kamar batir ɗin ne a kashe, ba motar ba. Amma in za a faɗi cikakkiyar jimla sau ɗaya a farko, zai wuce.

Ɗan Marusa:
To ga abin da zan yi. Zan buɗe da "mota na shan batir alhali tana kashe", daga nan in riƙa cewa shan batir a kashe da ɓarawon caji. Baba, da izininku zan kawo kauci a wurin bayani, in ce wani dattijo daga Daura ya kwatanta shi da haka. Rumbun wuta kam ba zan iya ba a wannan karon.

Tsohon Malami, Daura:
Ban ce kwatance ba ne, suna na ba shi. Kuma "caji" ba Hausa ba ce, ko mutum nawa suka yarda da ita. Amma shirinka ne, ka yi yadda ka gani. Abu ɗaya nake roƙo: in za ka faɗi kauci, ka faɗe shi sau biyu a hankali, kada ka haɗiye shi a tsakiyar jimla. Sannan ba mu gama da altaneta ba, ina da kalma a kanta.