Muhawara: Shin tseren keken dutse yana kashe turbobin daji?

Mahayin keke: Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka sanar da tseren keken dutse, wato keken da aka ƙera domin hanyoyin daji da tsaunuka, a cikin daji mai nisa, sai an sami masu cewa tseren yini ɗaya yana yi wa turba ɓarnar da masu tafiya a ƙafa ba za su yi mata ba a shekara guda. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma ga dalilina. A shekarar 1994 masu bincike biyu, Wilson da Seney, sun gwada tasirin ƙafar mutum da kofaton doki da babur da keke a kan turbobin jihar Montana ta Amurka, suka yayyafa ruwa kamar na sama, suka auna ƙasar da ruwan ya kwashe. Doki ne ya fi tayar da ƙasa, keke kuwa bai bambanta da ƙafa ba ta yadda za a kafa hujja. A 2001 kuma Thurston da Reader sun yi gwaji a wani daji na Ontariyo a Kanada, suka bi ta kan tsirrai da keke da kuma ƙafa har sau 500, ɓarnar ta zo kusan ɗaya, bayan shekara guda tsirran suka farfaɗo. Idan taya ba ta fi takalmi ɓarna ba, mene ne laifin tsere?

Malamar kimiyyar ƙasa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, binciken biyu da ka kawo sahihai ne, amma ka ɗora musu kayan da ba nasu ba, domin babu ɗaya a cikinsu da ya auna tsere. An auna wucewar mahayi a natse, sau ƙidayayye, a kan ɗan gajeren wuri da aka keɓe. Mai tsere kuwa yana shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin kwanar, sai ya danne birki har tayar baya ta daina juyawa ta koma jan ƙasa, wanda ke bayansa ya yi haka a daidai wurin, na bayan wannan ma haka, har mutum ɗari da ɗoriya cikin sa'o'i kaɗan. Tayar da ke juyawa danne ƙasa take yi, wadda ta kafe kuma kankare ta take yi, kuma waɗannan ayyuka biyu ne dabam. Sannan ka tsallake wani abu da ke cikin binciken Montana ɗin kansa: jiƙaƙƙiyar turba ta fi busasshiya zubar da ƙasa. Mai yawo idan ya ga an kwana ana ruwa yana iya fasa fita, tsere kuwa an sa masa rana tun watanni da suka wuce.

Dattijo mai gyaran turba: Malama ta taɓo inda nake so. Na daɗe ina cikin masu fita da diga da shebur bayan an watse, kuma abin da nake tararwa bayan tseren da aka yi cikin ruwa kusan iri ɗaya ne. Kafin kowace kwana mai gangara za ka ga ƙasa ta yi tudu da kwari a jere, inda tayoyi suka riƙa tsalle a ƙarƙashin birki. A tsakiyar turbar akwai tsagi mai faɗin taya wanda hannunka zai shige har wuyan hannu. Inda taɓo ya taru kuwa, na farko ya ratsa ta tsakiya, na goma ya kauce ta dama, na hamsin ya kauce wa inda na goma ya kwaɓa, sai turbar da faɗinta bai wuce taki ɗaya ba ta koma taki uku, ciyawar gefe ta kwanta cikin laka.

Amma yaro, kada ka ɗauka na goyi bayan masu cewa keke ne abokin gaba. Ruwa ne ke cin turba, taya hanya kawai take buɗe masa. Tsagin nan da na faɗa, a ranar tsere ba wani abu ba ne. Ruwan sama na gaba ne zai same shi ya bi shi, yana ƙara gudu yana ƙara kwasar ƙasa, har ya mai da shi kwazazzabo. Shi ya sa ƙungiyar masu keken dutse ta ƙasa da ƙasa, IMBA, wadda aka kafa a 1988, take koyar da masu gina turba cewa gangarar turba kada ta wuce rabin gangarar tsaunin da take ratsawa, matsakaicin hawanta kada ya haura kashi 10 cikin ɗari, kuma a riƙa sa mata ɗan sauka da ɗan hawa a kai a kai domin ruwa ya sami mafita kafin ya yi ƙarfi. Turbar da aka gina haka tana ɗaukar tsere ta tashi da ɗan rauni. Matsalar ita ce yawancin turbobin daji mai nisa ba wanda ya zana su, sawun dabbobi ne da na mafarauta da masu haƙar ma'adinai, kuma da yawansu sun miƙe sambal daga ƙoli zuwa kwari, ta inda ruwa ma yake son bi.

Mahayin keke: Baba, to ashe maganata ta fito. Idan an bi ta ɓarawo sai a bi ta mabi sawu: laifin na ginin turbar ne, kuma ko babu tsere ruwa zai cinye ta.

Dattijo mai gyaran turba: Zai cinye ta, amma a hankali, daidai yadda masu gyara za su iya cim masa. Wanda ya san turba mai rauni ce ya kuma zaɓe ta domin gangararta tana burge 'yan tsere, bai isa ya ce laifin na wanda ya fara taka ta ba ne.

Mai yawon ƙafa: Ina neman izini in faɗaɗa maganar, domin kun tsaya a kan ƙasa kaɗai. Farfaɗowar da aka gani a Ontariyo ta dajin da ke da ƙasa mai taushi da damshi ce. A kan tsaunuka masu tsawo, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara, tsirrai suna da 'yan makonni ne kawai na girma, kuma wurin da aka tattake yana iya shekaru bai rufe ba. Tseren Leadville na jihar Kolorado ta Amurka, mai nisan kimanin kilomita 160, yana farawa ne daga garin da ke sama da mita 3,000, don haka ba za a auna irin wannan wuri da ma'aunin dajin kwari ba. Sai kuma namun daji. A 2003 Taylor da Knight sun yi nazari a tsibirin Antelope na jihar Yuta, suka ga cewa dabbobin wurin suna gudun mai keke kamar yadda suke gudun mai ƙafa. Masu keke suna son kawo wannan a matsayin wanke kai, amma mai keke yana cin nisan da ya ninka na mai ƙafa a yini ɗaya, saboda haka dabbobin da yake tayarwa sun fi yawa, balle a ce ɗaruruwa ne a jere tun asuba har la'asar a lokacin da dabbobi ke renon 'ya'yansu.

Mai shirya tsere: Hajiya, Leadville ɗin da kika ambata misali ne da ke gefena, domin mafi yawan hanyarsa tsofaffin hanyoyin mota ne na daji da na ma'adinai, waɗanda suka riga suka daskare. Abin da nake roƙo shi ne a daina haɗa tsere duka a kwando ɗaya. A tseren Megavalanche na Alpe d'Huez a Faransa, mahaya masu yawa ne ke tashi lokaci guda daga ƙolin Pic Blanc, kowa yana neman inda zai wuce ɗan'uwansa. A irin tseren da ake sakin mutum ɗaya bayan ɗaya ana auna lokacinsa, kaucewa daga turba domin wuce wani kaɗan ce. A tseren Tour Divide kuma, daga Banff ta Kanada zuwa iyakar Meziko, mahaya suna warwatsuwa a kan dubban kilomita har mutum ya yini bai ga kowa ba. Waɗannan uku ba su da tasiri ɗaya. Kuma kada a manta cewa ba a shiga ko'ina: a Amurka dokar kare daji ta 1964 ta hana abin hawa mai inji ko na'ura a yankunan da aka keɓe, kuma tun 1984 hukumar gandun daji ta bayyana cewa keke yana cikin haramcin. Inda aka yarda a yi tsere a filin gwamnati, sai da takardar izini mai sharuɗɗa. Mu ne kuma muke tara masu aikin sa kai da kuɗin gyara da hukuma ba ta da su.

Malamar kimiyyar ƙasa: Malam, na karɓi rarrabewar da ka yi, tana da amfani ƙwarai. Sai dai akwai ɓarnar da ba ta bayyana a ranar da kuke tattara igiyoyi da alamomi. 'Yan kallo suna taruwa a wuraren da suka fi ban tsoro, wato mafi gangara kuma mafi rauni, suna tattake gefen da babu turba. Mahaya suna zuwa gwajin hanya kwanaki kafin tsere, don haka yini ɗayan nan a gaskiya mako ne. Bayan an gama kuma taswirar hanyar tana nan a Strava, manhajar da mahaya ke ajiye hanyarsu da lokacinsu a ciki, duk mai son gwada kansa da lokacin zakara zai zo, rani da damina, turbar da dā mutum kaɗan suka sani ta zama sananniya. Ga kuma lakar da ke maƙale a tayar da ta fito daga wani yanki, tana ɗauke da irin ciyawa baƙuwa ko ƙwayar cuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: cutar da ke kashe itatuwan da ake kira kauri a Niyu Zilan cikin ƙasa take yaɗuwa, har ta sa aka rufe yawancin dajin Waitākere a 2018. Wanke keke kafin shiga daji abu ne mai sauƙi, amma sai mai shirya tsere ya wajabta shi.

Mahayin keke: Na ji, kuma ina nan a kan cewa taya mai juyawa a busasshiyar turba ba ta fi ƙafa ɓarna ba. Abin da ban da amsarsa shi ne batun ruwa a ranar tsere.

Dattijo mai gyaran turba: Shi ne tambayar da nake so mai shirya tsere ya amsa min kai tsaye. Idan na je da asuba na damƙi ƙasar turba a hannuna ta dunƙule tana naso, ko na taka ta sawuna ya zauna ruwa ya taru a ciki, na san abin da zai biyo baya. Wa ke da ikon cewa a dakata? A ganina bai kamata ya zama wanda ya karɓi kuɗin rajista ba, ba don rashin amana ba, sai don nauyin da ke kansa ya yi yawa: mutane sun yi tafiya mai nisa, sun kama masauki, masu tallafi suna jira. A rubuta cikin takardar izini cewa jami'in da ke kula da dajin ne zai yanke hukunci, a kuma ajiye kuɗin jingina da ba za a mayar ba sai an zagaya turbar bayan ruwan sama na farko da ya biyo bayan tseren, domin a lokacin ne raunin gaskiya yake fitowa.

Mai shirya tsere: Baba, kuɗin jingina na yarda da shi, da zagayen bayan ruwa. Soke tsere da safiyar ranarsa kuwa zai kashe ƙananan masu shiryawa, ya bar manya masu inshora kaɗai a fage. Abin da zan iya ɗauka shi ne hanya ta biyu da aka amince da ita tun farko, wadda ke kauce wa gangara mai laka ta bi ta dutse ko tsohuwar hanyar mota, a sanar da mahaya tun lokacin rajista cewa jami'in daji yana iya mai da su kanta ko da tseren zai gajarta.

Mai yawon ƙafa: Hanya ta biyu ta magance laka, amma ba ta magance lokacin haihuwar dabbobi ba, kuma wannan ba da asuba ake gane shi ba. Sai a duba shi tun ranar da ake zaɓar watan da za a yi tseren, kafin a buga sanarwa.