AFP ɗin Baba ya sauka, Yaya ya ce a bar magani

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Mahaifinmu ne, shekarunsa 61, aka gano yana da ciwon dajin hanta wata uku da suka wuce. Ashe ya daɗe da hepatitis B bai sani ba, mu kuwa maganin olsa muke ta saya masa. Likita ya ce tiyata ba za ta yiwu ba don ƙarin ba guda ɗaya ba ne, sai ya ɗora shi kan ƙwayar sorafenib ta daji da tenofovir ta hepatitis B. Kafin a fara, gwajin jinin da ake kira AFP ya nuna 9,200. Jiya na karɓo sabon sakamako, bayan sati shida, ya dawo 3,700. Yayana da ya ga takardar har sujada ya yi. Yanzu kuma ya ce tunda fiye da rabin ciwon ya tafi, a bar ƙwayar a koma kan wani jiƙo da aka kawo masa, don kuɗin ya fi ƙarfinmu, gonar bakin rafi ma an jinginar. Shi kuma Baba tafin ƙafarsa ya yi ja ya tsattsage, ko zuwa alwala sai an riƙe shi. Ranar ganin likita sai nan da kwana 12. Wannan lambar tana nufin ya warke ne?

Wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah Ya ba Baba lafiya. Labari ne mai daɗi, amma ba yadda Yayanki ya fassara shi ba. AFP sinadari ne da hantar jariri ke yi tun yana ciki. Bayan haihuwa sai ya yi ƙasa, a babba mai lafiya galibi ba ya wuce 10. Ƙwayoyin dajin hanta kan koma yin sa, shi ya sa muke aunawa. To dubi tazarar da ke tsakanin 10 da 3,700. Saukarsa a makonnin farko alama ce da likitoci ke so su gani, domin waɗanda nasu ya sauka sun fi cin moriyar magani. Amma lambar ba ma'aunin girman ƙari ba ce, ba a cewa ta ragu da rabi don haka ƙarin ya ragu da rabi. Wannan sai hoton CT ko MRI. Kuma shi AFP kusan rabinsa ke barin jini duk kwana 5 zuwa 7, saboda haka yadda ya sauka da wuri haka yake iya hawa da wuri in aka saki maganin. Abu ɗaya zan roƙe ki: wuri ɗaya kika yi gwajin biyu? Wasu da ng/mL suke rubutawa, wasu da IU/mL, injinan ma ba ɗaya ba. Ki riƙe wuri guda.

Wata 'yar'uwa: Allah Ya yaye, Ya sa kaffara ne. Ni dai kallo nake ina ƙaruwa.

Wata uwa daga Zariya: 'Yata, ni na ga ɗaya fuskar abin. Marigayi maigidana AFP ɗinsa bai taɓa wuce 14 ba tun daga farko har Allah Ya karɓi abinSa. Duk wata in na karɓo takarda sai in yi ta murna ina nuna wa dangi, alhali wandonsa ya daina shiga saboda ruwan da ke taruwa a ciki. Daga baya likita ya fahimtar da ni cewa kusan mutum ɗaya cikin uku masu wannan ciwo AFP ɗinsu ba ya hawa sam. Ya ambaci wani gwajin, PIVKA-II, da 'yan Japan suka fi amfani da shi, amma ba mu kai ga yin sa ba. Ki dubi takarda, ki kuma dubi mutumin.

Wani ɗan'uwa: Ni fa ban ga laifin Yayan ba. Wanda bai taɓa sayen maganin daji ba ba zai gane ba. Kuma iyayenmu da jiƙo suka rayu.

Wata nas: Malam, batun kuɗi gaskiyarka ne, batun jiƙo kuwa a'a. Duk abin da aka haɗiya hanta ce ke tace shi, kuma wannan hanta ce da hepatitis B ya ci shekaru yana cinta. Na sha ganin wanda ya zo da ƙafarsa, bayan sati biyu na sassaƙe aka dawo da shi ido ya yi rawaya shar, yana sambatu.

Ƙanwata, ki juya takardar, layukan da ba ki kula da su ba sun kai AFP muhimmanci: albumin (sinadarin da hanta ke yi), bilirubin da INR (gwajin daskarewar jini). AFP labarin ƙarin yake bayarwa, su kuma labarin sauran hantar da ke aiki. Albumin na mai lafiya 35 zuwa 50 ne. Bilirubin shi ke kawo shawara, ba irin wadda kika zo nema ba. Da waɗannan ukun, haɗe da ruwan ciki da ruɗewar hankali, likitoci ke sa mara lafiya a aji A, B ko C na ma'aunin Child-Pugh, kuma 'yan ajin A ne aka fi gwada sorafenib a kansu. Mutum na iya samun AFP yana sauka hanta na gazawa, a nan likita da kansa zai tsayar da ƙwayar.

Zan faɗa miki abin da ba daɗi, don ku yanke hukunci da ido a buɗe. Sorafenib ba ya kashe dajin, taka masa birki yake yi. A babban binciken da aka buga a 2008, matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda suka sha ya kai kusan wata 11, waɗanda ba su sha ba kusan wata 8. Matsakaici ne, wasu sun wuce haka nesa, rai kuma na Allah ne. Don haka zancen gona zance ne da ya kamata Yaya ya kai gaban likita ba tare da kunya ba, ya tambayi ko akwai samfurin Indiya mai sauƙi daga hannun da aka yarda da shi. Ƙafar kuma sananniyar illar maganin ce. Kada ku jira kwana 12, ku je gobe, sau da yawa rage yawan ƙwayar ake yi. Kafin nan a riƙa shafa man da ke ɗauke da urea, a bar ruwan zafi, a sa takalmi mai taushi. Tenofovir kuwa ko kwana ɗaya kada a tsallake.

Wani dattijo: Ku 'ya'yan da iyayenku mata duk an gwada ku? Wannan cuta ta hepatitis B gida ɗaya take bi. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku ce. Wanda yake da ita ya ga likita a sa masa ido da hoton ciki da AFP duk wata shida. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuma a zubar, gubarsu hanta take nufa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na duba, wuri ɗaya aka yi gwajin biyu. Albumin 33 ne, wancan karon 36, ban ma lura ba sai yanzu. Na karanta wa Yaya duka, ya yi shiru, ya ce gobe bayan asuba mu tafi tare da takardun biyu. Jarkar jiƙon na kai ta ɗakin Umma na kulle. Baba dattijo, mu tara ne, biyu kawai aka gwada.