Tambaya kan kalmar "harma": wace irin karusa ce mutumin Habasha ya hau?

Ɗalibin Tauhidi:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. A Ayyukan Manzanni 8:28 an ce ma'ajin sarauniyar Habasha yana zaune cikin karusarsa yana karanta littafin annabi Ishaya, kuma kalmar da Luka, marubucin littafin, ya rubuta da Helenanci ita ce harma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, karusar da ake gani a zanen Masarawa ƙarama ce mai ƙafa biyu, wadda ake hawanta a tsaye. Ta yaya mutum zai zauna a cikinta har ya warware naɗaɗɗen littafi?

Malamin Helenanci:
Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya. Sau huɗu kacal harma ta fito a Sabon Alkawari: uku a wannan labari, wato aya ta 28, 29 da 38, sai ɗaya a Wahayi 9:9, inda aka kwatanta ƙarar fikafikan fara da ƙarar karusai masu rugawa zuwa yaƙi. Asalinta daga tushe ne mai ma'anar haɗa abu da abu, shi ya sa take da dangantaka da harmos, wato gaɓa, da ke Ibraniyawa 4:12. Ke nan kalmar ba ta ɗaure ka ga yaƙi ba, mahallin magana ne yake nuna irin abin hawan. Dubi labarin da kyau: mutumin yana zaune, ya roƙi Filibus mai wa'azin bishara, wanda ya tarar da shi a hanya, ya hau ya zauna tare da shi, sannan ya ba da umarni a tsayar da karusar, wanda ke nuna akwai mai tuƙi. Abin da zai ɗauki mutum uku daga Urushalima, ta hanyar Gaza, zuwa ƙasar Kush da ke Sudan ta yau, wadda ita ce ake kira Habasha a wannan labari, keken tafiya ne.

Dattijuwar Ikilisiya:
Malam, ina da ja kaɗan. Idan keken tafiya ake nufi, ai akwai kalmarsa, rhede, da ke Wahayi 18:13 cikin kayan cinikin Babila, mai ƙafa huɗu, wadda Romawa suka aro daga mutanen Gol, wato yankin Faransa ta yau. Me ya hana Luka amfani da ita?

Malamin Helenanci:
Mama, a ganina Luka ya bi harshen tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari ne, wadda ya saba da ita ƙwarai. A can harma ce karusai 600 na Fir'auna a Fitowa 14:7, amma kuma ita ce wadda aka ɗora Yusufu a kai a Farawa 41:43 ranar da aka naɗa shi, alhali kekunan da aka aika su kwaso iyalin Yakubu an kira su hamaksa. Don haka harma abin hawan masu mulki ce, kuma wanda ke riƙe da dukan baitulmalin sarauniya ya cancanci a ambaci nasa da wannan suna.